Yanar da Muka Jira Ta Nuna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma a cikin mutane ne ta ce "waccan". Ba ta kallon fuskata. In tana yi mini magana idonta yana kan ƙwaryar da ke hannunta, ko kan bango, ko kan yatsun ƙafata. Bafillatana ce, daga wata ruga ta bayan Jajaye aka auro ta zuwa Zoza, kuma a danginsu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Ƙannena tana kiran sunayensu, tana hararar su, tana dariya da su. Ni rabona shi ne tsokar naman da take turowa gefena a cikin kwano ba tare da ta ɗago kai ba.

Shi ya sa ban san launin idon uwata ba sai da na haifi 'ya'ya uku.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta a Zoza tare da ƙanena da matarsa. Ni ina aure a Karaye. Nakan je in an yi biki ko rasuwa, ko in maigidana ya ga na daɗe ya ce in shirya in je in gaishe ta. A irin wannan zuwan ne matar ƙanena ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Yaya, kin lura da Inna kuwa?"

Na ce da me.

"Jiya ta shanya garin masara, tana zaune a gefensa da sanda a hannu. Akuya ta zo ta wannan ɓangaren ta ci ta ƙoshi, Inna tana zaune. Sai da ta ji motsin tabarma sannan ta juya. Buta kuwa kullum sai ta hankaɗe ta da ƙafa."

Na koma tsakar gida na zauna ina kallon Inna ta gefen ido, yadda na saba. Tana ɗinke bakin zaninta. Zaren ya ƙare, ta ciro wani, ta lasa, ta ɗaga allurar sama, ta zura shi karo ɗaya. Na ce a raina yarinyar nan ta cika ƙara gishiri. Mai zura zare a allura ai ba a ce masa ba ya gani.

Wadda ta fara sa wa abin suna Gwaggo ce, yayar Baba, da ke zaune a cikin garin Rogo. Gwaggo ta yi yanar ido shekarun baya, duk mun ga yadda abin ya tafi. Baƙin idonta ya yi ta dushewa har tsakiyarsa ya koma fari kamar an ɗiga nono. Da ta fara zuwa asibiti an ce mata ta koma gida sai yanar ta nuna. Ta koma, ta jira, ta nuna, aka yi mata aiki, aka cire bandeji, ta ga duniya. Tun daga nan duk wanda idonsa ya sami matsala a danginmu, wurinta ake fara zuwa. Labarin ranar da aka buɗe mata idon kuwa babu wanda bai haddace ba. Wai abin da ta fara gani dattin farcenta ne, ta ce wa 'ya'yanta ashe haka kuka bar ni.

Ta zo Zoza ina can. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta saurari labarin akuya har ƙarshe, ta ce, "Yana ce. Matar nan kin bi sawuna. Komai nawa sai kin sa rai, ƙanena kika ɗauke, yanzu kuma ciwona."

Inna ta yi murmushi tana kallon ƙasa. "Yaya, ni fa ina gani."

"Haka ni ma na riƙa cewa har na zuba gishiri a koko." Ta juyo gare ni. "Ke da kika yi boko, zo ki buɗe mana idon uwarki mu gani."

Inna ta ce a kira matar ƙanena ta duba. Gwaggo ta ce, "Wannan fulakon naki ki mayar da shi ruga. Ido za a duba, ba hira za ku yi ba."

Na durƙusa a gabanta. Na sa babban yatsa na ɗaga fatar idonta ta sama. Fatar tana da laushi da sanyi kamar ta jariri. Ita kuma ta mayar da ƙwayar idon gefe tana kallon katanga. Gwaggo ta ce ta kalli gaba, ta kalla na ɗan lokaci. Ashe idon ba baƙi ba ne sosai, ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar tsohuwar zuma. A tsakiya ga ɗan baƙin nan tas, babu fari ko ɗigo. Na ga kaina a ciki, 'yar ƙarama da ɗankwali.

Na ce, "Babu komai, Gwaggo."

Ta sunkuyo da tabaranta ta leƙa ta ce, "Ba ta nuna ba. Tana can ciki, ɗanya ce. In kuka kai ta yanzu wahalar hanya kawai za ku sha, su ce ku dawo. A bari ta nuna."

Babu wanda ya yi gardama. Magana ce da kowa ya sani a wajenmu, tsoho da yaro, kuma mai faɗar tana zaune a gabanmu da idanu biyu masu gani.

Ni ma abin da na sani bai saɓa da nata ba. Muna sakandare malamarmu ta kimiyya ta aika mahauta aka kawo idon saniya a leda. Ta yanka shi da reza a kan faranti, wani ruwa ya fito, 'yan mata suka yi ta toshe hanci. Ta ciro wani ɗan abu kewayayye, garai-garai kamar ƙanƙara, ta ɗora a kan jarida, rubutun da ke ƙarƙashinsa ya ƙara girma. Ta ce wannan shi ne madubin ido. Haske yana shiga ta ɗan ramin tsakiyar baƙin, ya ratsa madubin, madubin ya tattara shi ya jefa hoton a bangon bayan ido, daga nan jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ta nuna mana jijiyar, wani farin guntu a bayan idon kamar yankakkiyar igiya. Ta ce in mutum ya tsufa madubin yakan yi hazo, shi ne yana. Maganar yanar ta zauna mini, don a lokacin Gwaggo tana cikinta. Jijiyar kuwa na zana ta a jarrabawa, shi ke nan.

Sai muka shiga jira. Duk zuwan da na yi Zoza, bayan gaisuwa da cin abinci, sai in ce, "Inna, a duba." Ta fito rana ta zauna, ta ɗaga kai, ta kau da ido. Daga baya na fara haska mata fitilar waya. Na lura in na haska na dama ɗan ramin yakan tsuke nan take, na hagu kuwa sai ya yi kamar yana shawara. Ban san ma'anar hakan ba, fari nake nema. In na koma gida Gwaggo ta kira waya.

"Ta nuna?"

In ce tukuna.

"Tata mai taurin kai ce, irin mai ita."

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Inna ta daina zuwa unguwa ita kaɗai. In za ta kalli abu sai ta juya kai gaba ɗaya har da kafaɗa. In aka miƙa mata kwano daga gefe, hannun mai miƙawa ya gaji da tsayuwa. Kafaɗarta ta hagu ta saba da bakin ƙofa. Ba ta taɓa cewa idon yana mata ciwo ba, kuma ba don haƙuri ba ne, ba ya ciwon ne. Mu kuwa duk lokacin da aka ce ganin ya ƙara raguwa, wani sauƙi muke ji a rai. Ƙanena ya taɓa ce mini a waya, "Alhamdu lillahi, da alama ta kusa." Na ce Allah ya sa.

Da rani aka yi shela a Karaye cewa masu aikin ido kyauta za su zo. Gwaggo ta ce a kai Inna, ƙila ta nuna ta ciki ba mu sani ba. Ita da kanta ta rako ta. A layi ta zama malama, tana bin tsofaffi tana leƙa idanunsu, tana cewa wannan taka ta nuna, ke kuma ki koma gida sai baɗi. Tana gaya musu kada su yi atishawa bayan aiki, kada su sunkuya. Wani tsoho ya ce mata, "Hajiya, ke ce likitar ko ana jiran wata?" Ta ce, "Ni ce wadda aka gwada a kanta."

Wani ma'aikaci yana bin layin da 'yar fitila yana haska idanu, yana ware mutane. Masu farin ido ya ce su koma dama, su za a yi wa aiki. Da ya zo kan Inna ya haska, ya sake haskawa. Ya rufe mata na hagu da tafin hannunsa, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, ta faɗa daidai. Ya rufe na dama ya ɗaga. Ta ce, "Ka ɗaga tukuna, ɗana."

Ya shiga da ita ciki. Da suka fito yana riƙe da takarda. Gwaggo ta tare shi ta ce, "Ba ta nuna ba ko? Na gaya musu."

Ya ce, "Hajiya, wannan ba yana ba ce. Ku kai ta asibitin ido a Kano, kada ku bari makon nan ya wuce."

Ni na kai ta. An ɗiga mata magani, an taɓa ƙwayar idon da wani ɗan abu mai shuɗin haske, an leƙa ciki da fitila kala-kala. Sannan aka sa ta ta ɗora haɓa a bakin wani abu kamar babbar farar ƙwarya, aka ba ta maɓalli a hannu, aka ce duk lokacin da ta ga ɗan haske ya ƙyafta ta danna. Ina tsaye a bayanta ina hango hasken yana ƙyaftawa nan da can, sama da ƙasa. Yatsan Inna yana kan maɓallin, bai motsa ba. Can sai ta danna. Sai kuma ta daɗe ba ta sake dannawa ba. Tana zaune a miƙe, ta tattara hankalinta duka, kamar ɗalibar da ba ta so ta ba malami kunya.

Likitan ba tsoho ba ne, yana da sanyin murya. Ya gaida Inna da kyau, ya tambaye ta hanya, sannan ya juyo gare ni.

"Tun yaushe kuka lura?"

Na ce tun daminar bara waccan.

"Me ya hana ku zuwa?"

"Muna jira yanar ta nuna."

Ya ajiye bironsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba mu ne na farko ba, kuma ko yanar ma yanzu ba a jiran ta. Sannan ya ce wa Inna, "Mama, gidanku akwai rariya ko?"

Ta ce akwai.

"In ta toshe da damina fa?"

"Ruwa ya tsaya a tsakar gida."

"In an bar shi?"

"Ya ci gindin katanga."

Ya ce to haka ido yake. A cikinsa akwai ruwa, ba hawaye ba, wani ne daban wanda idon ke yi kullum yana fitarwa ta 'yar rariyarsa. Ta Inna ta toshe. Ruwan ya taru, idon ya yi tauri, yana danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa. Mutane suna ce masa hawan jinin ido, amma ba jini ba ne. Jijiyar kuma ba guda ɗaya ba ce, silili ne masu yawa a tufke kamar igiyar rama, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ganin gefe ne ke fara tafiya, na tsakiya ya rage har ƙarshe, shi ya sa mutum zai zura allura amma ya yi karo da ƙofa. Ba ya ciwo, ba ya sa fari. Mai shi ma ba duhu yake gani a gefen ba. Abin da ke wurin ne kawai ba ya nan, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin, ya ɗauka ya ga komai.

Na ce, "Madubin fa?"

Ya ɗan dube ni, ya ce madubinta lafiya yake. Haske yana shiga, hoto yana sauka inda ya kamata. Mai kai saƙon ne ya kusa ƙarewa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tsinke ba ya ɗauruwa, babu aikin da ke dawo da shi. Abin da za a yi shi ne a yi ƙoƙarin riƙe ragowar da maganin ɗigawa safe da yamma, kada a tsallake, kada kuma mu sa ran ganin zai ƙaru. Ko riƙewar ma, ya ce, ba zai yi mana alkawari ba, don abin da ya rage siriri ne. Ya ce ni da ƙannena mu zo a auna mu, ciwon yana bin jini.

Inna ta ce, "Allah ya saka da alheri, ɗana." Ta tambayi inda mata ke salla, azahar ta yi.

Na jira in ji wani abu ya taso mini, bai taso ba. Igiyar takalmin likitan ɗaya ta kwance, ita na yi ta kallo, ina tunanin ko in gaya masa. A tasha na sayi gurasa da lemo na tsaraba, na yi ciniki kamar kullum. Muna cikin mota Gwaggo ta kira, na faɗa mata abin da aka ce. Ta ce, "Ni dai haka aka ce mini."

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"Wallahi haka aka ce mini."

Maigidana ya ce Inna ta zauna wurinmu saboda maganin, Karaye ta fi kusa da samunsa kuma ni ce na ji bayanin likita. Ba ta so ba. Zaman gidan suruki nauyi ne a wurinta, ba ta cin abinci in ta ji muryarsa a gidan. Shi ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa ta bayan labule. Ta nan bayan labulen ya gaya mata irin ladan da Allah ya tanadar wa wanda aka karɓi idanunsa ya yi haƙuri. Ta ce Allah ya sa tana ciki.

Safe da yamma ina ɗiga mata. Ta kwanta rigingine, in ja fatar ƙasa, ta mayar da idon can sama wajen rufi, in ɗiga. Ta ce tana jin ɗacinsa a maƙogwaro, ko ina kuskure ne. Da muka koma asibiti na tambaya, wata ma'aikaciya ta nuna mini wani ɗan rami a kusurwar ido ta wajen hanci, ƙarami kamar hudar allura. Ta ce ta nan hawaye ke sauka hanci ya wuce maƙogwaro, in na ɗiga in danne wurin da yatsa na ɗan lokaci. Da na gaya wa Inna ta ce, "Ashe shi ya sa mai kuka yake jan hanci." Ta yi ta maimaita maganar ranar, abin ya burge ta.

A watannin nan ta yi kallo mai yawa. Takan kira jikokinta ɗaya-ɗaya ta tsayar a gabanta a rana. Fuska ba ta shiga mata gaba ɗaya, sai ta bi ta gutsure-gutsure, ido, sannan hanci, sannan baki, tana motsa kai a hankali. Autata takan gaji ta ce, "Inna, kin gama?" Ta ce, "Tsaya, mummuna, saura kunne." In makiyaya suka biyo da shanu ta bayan gida za su mashaya, ta ce a kai ta ƙofa. Garken ba ya shiga mata, sai ƙaho ɗaya, tozo ɗaya. Ta yi musu magana da Fillanci, su amsa suna dariya, ni ban ji ba. Ta kalli bishiyar darbejiyar ƙofar gida, ta kalli tafin hannunta. Ni ba ta kalle ni ba, ban kuma sa rai ba.

Gwaggo ta daɗe ba ta zo ba. Ranar da ta zo ta kawo zuma da man shanu, ta zauna nesa, gaisuwa kawai take ta maimaitawa, ya jiki, ya ƙarfin jiki. Inna ce ta ce, "Yaya, wannan karon ban kwaikwaye ki ba. Nawa daban ne, ya fi naki tsada."

Gwaggo ta cire tabarau ta rufe fuska da mayafi. Inna tana cewa, "Haba Yaya, Allah ne ya rubuta." Ni na tashi na je na duba tukunya. Wake ne, bai yi laushi ba, na ƙara ruwa.

Ba mu tsallake maganin ba ko sau ɗaya. Duk da haka kowane komawa asibiti likitan yakan daɗe yana kallon takardar gwajin. Ya canja magani, ya ƙara wani. Bututun ya ci gaba da tsukewa. Inna ta daina neman allura, ta daina kiran yara rana.

Wata safiya da kaka, yara sun tafi makaranta, ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, Inna tana kan tabarma a gabana da carbi. Na ɗago kai sai na ga idonta a kan fuskata. Sosai, ido cikin ido, ba ta kau da kai ba. Na sunkuyar da nawa don kunya, na sake ɗagowa, tana nan. Fuskarta a sake, har da ɗan murmushi. Tunda aka haife ni ba ta taɓa yi mini haka ba. Na ɗan zauna a cikin kallon, ban san tsawon lokacin ba.

Sannan na ɗaga hannu a hankali na gitta shi a gaban fuskarta. Idon bai bi ba, bai ƙyafta ba. Ƙarar gyaɗar take saurare, shi ya sa ta fuskanto ni.

Na ci gaba da ɓara. Sai da na gama abin da ke cikin faifan na ce, "Inna, tun yaushe?"

Da ta ji muryata daga inda idonta yake, nan take ta mayar da kai gefe. Ta ce, "An kwana biyu. Na ga kina fama da aikin gyaɗar nan."

"Ko haske?"

"In na fuskanci rana ina jin ta a fuska."

Na ce to. Na kwashe ɓawon na kai murhu.

Mun koma Kano, likitan ya haska, ya gwada, ya ce haka ne. Ya ce a ci gaba da ɗiga ɗaya daga cikin magungunan don kada idon ya yi mata ciwo nan gaba. Ya ba mu haƙuri. Idanun suna nan garau, masu kyau, wanda bai sani ba zai miƙa mata abu ya jira ta karɓa.

A mota ta ce, "Ke, ki mayar da ni Zoza."

Na ce ta zauna wurina, ni zan fi kula da ita.

Ta ce, "An kawo ni don a riƙe ido ne. Gidanki ban san shi ba, da ido na zauna a ciki. Can ƙafata ta san ko'ina."

Maigidana ya yi magana, ƙanena ya yi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma canja ba. Da aka gama girbi na haɗa mata kayanta na raka ta.

A ƙofar gida ta saki hannuna. Ta shafa bangon zaure sau ɗaya, ta yi sallama, ta shiga. Ina biye da ita. Ta sunkuyar da kai daidai inda ƙofar ciki ta gajarta, ta ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofa. Ta ratsa tsakar gida tana amsa gaisuwar matar ƙanena da maƙwabta, tana kiran kowa da muryarsa. Da ta kusa ɗakinta sai ta yi kwana, ta kewaye wani fili da babu komai a cikinsa, ta miƙa hannu ƙasa kamar za ta dafa wani abu. Hannun ya sami iska. Ta tsaya.

"Ina turmin?"

Matar ƙanena ta ce ta mayar da shi bakin madafa tun da damina, don ya fi mata kusa.

Inna ta ce ba komai, ta laluba ta sami ƙofarta ta shiga.

Na ajiye jakata na je bakin madafa. Turmin yana da nauyi, na kwantar da shi na mirgino shi har wurin. Shatin gindinsa yana nan a ƙasa, na tayar da shi a kai. Na ce wa matar ƙanena duk abin da aka matsar tun tafiyar Inna a mayar da shi inda yake, randa, igiyar shanya, turken akuya, kuma daga yau kada a sake gusar da komai. Ta ce to, Yaya. Muka bi gidan muna mayarwa har la'asar, ita tana tunawa, ni ina ɗauka. Da aka kira salla na shiga na kai wa Inna ruwan alwala, na gaya mata motar Karaye ta kusa tashi. Ta ce in gaida yara da mai gidan, Allah ya kiyaye hanya.